Jadawalin Yaya Sada: da a ce Katsina na da tashar labarai da bincike

SADA: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ba doguwar gaisuwa, don tun da aka ta da gardamar nan a guruf saƙonni ba su bar mu mun huta ba. Malam Lawal, kai ka kunno ta.

LAWAL: Ni fa tambaya kawai na yi, Yaya Sada. Cewa na yi, me ya sa duk shiri mai gwaɓi a talabijin sai a jefa shi lokacin da ba mai kallo, ko rana tsaka ko ƙarfe ɗayan dare, amma bayan Isha'i, lokacin da kowa ke gida, sai a cika mana kunne da cacar bakin 'yan siyasa?

MURJA: Shi ke nan fa guruf ya kama da wuta. Wani bawan Allah daga Dutsin-ma har murya ya turo, yana cewa mu bar ƙorafi mu faɗi yadda mu za mu tsara in aka ba mu tasha.

SADA: Shi ya sa na zo da takardata. Kun gan ta nan, gaba da baya.

MURJA: Inna lillahi. Malam Lawal, yau ba mu da bakin magana.

SADA: Ku dai saurara. Kafin in karanta, ku dubi yadda manya ke yi. Ɗauki Al Jazeera ta Turanci, wadda aka buɗe a 2006, shekara goma bayan ta Larabci. Tsarinsu ba wuya: awa na bugawa a yi labarai, rabin awa na cika a shiga shiri. Inside Story, mai gabatarwa da baƙi uku a kan batu ɗaya. Listening Post, su kuma 'yan jarida suke sa wa ido. People and Power bincike ne, 101 East na yankin Asiya ne, Witness kuma a bar mutum ya ba da labarin rayuwarsa da bakinsa. Kowane shiri da gurbinsa.

LAWAL: Amma maimaici ya yi musu yawa. Ka ga abu ranar Talata, ka sake ganinsa Alhamis da asuba, Asabar ma ga shi.

SADA: Ba ragwanci ba ne. Lokacin da kake barci a Daura, mutumin Kuala Lumpur ya tashi. Da suka fara ma daga wuri huɗu suke watsawa, Doha, Kuala Lumpur, Landan da Washington, suna miƙa wa juna. Maimaicin na wani ne, ba naka ba.

MURJA: Ni abin da ke ruɗa mutane shi ne agogon GMT. Ƙawata ta zauna jiran shiri ƙarfe bakwai, ashe sai takwas namu.

LAWAL: Alhali tun muna yara sashen Hausa na BBC ke karanta mana: ƙarfe kaza agogon GMT, wato kaza agogon Najeriya da Nijar. Awa ɗaya ce rak za ki ƙara.

SADA: To ga nawa. Bayan sallar asuba zuwa bakwai, labarai da farashin kasuwa. Ba farashin ɗanyen mai a Landan ba, nawa buhun masara a Dandume, nawa gero a Mai'adua, nawa ragon Charanchi. Bakwai zuwa tara, sharhin jaridu da baƙi...

LAWAL: Tsaya nan. Wane irin baƙi? In dai mai sharhi kan al'amuran yau da kullum ne, na janye hannun jarina.

MURJA: (dariya) Allah Sarki, mutumin kowa da kowa!

LAWAL: Da safe masanin tsaro ne. Azahar na yi ya koma masanin tattalin arziki. La'asar yana wata tasha yana fassara yaƙin Rasha da Ukraine kamar a Kyiv aka yanke masa cibiya.

MURJA: Hula kawai yake canzawa. In tsaro ne ya sa baƙa, in tattalin arziki ne ya ɗora zanna bukar, ya ƙara da tabarau.

LAWAL: Tabaran nan ba na gani ba ne, Hajiya, na sharhi ne. In aka yi masa tambaya mai wuya sai ya cire shi, ya goge da bakin riga, ya ce "to ai ka san wannan al'amari ne mai sarƙaƙiya."

MURJA: "Akwai buƙatar masu ruwa da tsaki su zauna a teburi guda."

LAWAL: "Gwamnati ta yi abin da ya dace a lokacin da ya dace."

SADA: Kun gama?

LAWAL: Saura ɗaya. Ranar da aka ga wata, shi ne dai masanin taurari.

MURJA: In kaji suka fara mutuwa kuma likitan dabbobi ne. Kuma duk wanda ya gabatar da shi sai ya ce Dakta. Daktan me? Oho.

SADA: To ku bar shi haka, don shi ne ainihin amsar tambayarka, Malam Lawal. Mutumin nan araha gare shi. Teburi ɗaya, kujeru uku, kyamara biyu, robar ruwa a gaban kowa, ka cike awa guda. Wani baƙon ma shi zai biya a sa shi. Shirin bincike fa? Mota, mai, mai ɗaukar hoto, mai sauti, wata da watanni ana bin labari ɗaya, a dawo a zauna tacewa, a ƙarshe ka fito da minti ashirin da biyar. Ka ce wa yaro ya ɗauki kyamara ya bi hanyar Batsari ko Safana, wa zai tsaya masa in wani abu ya faru? Sannan in ka yi ka gama lafiya, ga hukuma. Kun manta 2022? Trust TV ta yi shiri a kan 'yan bindiga, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci ta tarar naira miliyan 5. A lokacin ne kuma BBC Africa Eye ta fito da nata na Zamfara wanda Yusuf Anka ya yi, sai aka bi masu dikodan da suka nuna shi, su DStv da StarTimes, su ma miliyan biyar-biyar. An ce wai ana kambama ta'addanci.

MURJA: Ni na kalli na Zamfaran, kuma gaskiya wani wurin ya tsaya mini a rai. Ganin mutumin da ya kashe jama'a yana zaune yana bayani hankali kwance, wanda aka kashe wa ɗa ba zai ji daɗi ba.

SADA: Wannan gardama ce mai kyau, a yi ta. Amma a yi ta a talabijin, ƙarfe takwas na dare, a kawo wanda abin ya shafa ya faɗi nasa. Cin tara ba ya amsa tambaya. Daga baya ma kotun tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tara da kanta, to amma mai tasha ya riga ya ji tsoro. Gobe ka kawo masa shawarar bincike, sai ya ce ku dai kira Dakta.

LAWAL: Da tabaransa.

SADA: Alhali mun ga amfanin abin da idonmu. 2018, binciken kodin na BBC Africa Eye. Shekaru nawa iyaye a Kano da nan Katsina suna kuka da kwalaben nan a bayan gida da kwata? Shirin na fita, ba a yi mako ba gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Shiri ɗaya fa.

MURJA: To karanta mana na safe, don ina da magana a kai.

SADA: Tara zuwa sha ɗaya, shirin mata. Girke-girke, kwalliya...

MURJA: Na san za a rina. Yaya Sada, wa ya gaya maka in yara sun tafi makaranta abin da ke damun mace shi ne yadda ake haɗa miyar taushe? Ta iya tun kafin a haifi mai gabatarwar. Wannan lokacin shi ne mace ke da rimot a hannunta ba mai ƙwacewa. Sa mata bincike a kan kuɗin awon ciki, a kan dalilin da ya sa mace ke haihuwa a hanya kafin a kai asibiti, a kan matan da suka baro ƙauyukan Jibia suna zaune a kangaye cikin gari. Arewa24 tun 2014 ta nuna cewa in ka yi abu da Hausa mata za su zauna su kalla. Su nishaɗi suka fi ba ƙarfi, to ku da kuka ce bincike za ku yi, ku yi mana shi.

SADA: An karɓa. Ba ni biro.

LAWAL: A rubuta a tarihi, yau an gyara wa Yaya Sada takarda.

SADA: Magariba ba shiri, wannan ba sai an faɗa ba. Duk tashar da ta sa abu mai muhimmanci tsakanin Magariba da Isha'i ba ta san garin nan ba. Takwas zuwa tara, kullum, bincike ko tarihi. Tara labarai, don wannan NTA ta riga ta dasa mana shi a jini. A gidanmu tara na yi tsohonmu zai gyara zama a kan buzu, ko tari ka yi sai an harare ka.

LAWAL: Amma rimot ɗin dare ba a hannunka yake ba. Je ka teburin mai shayi a Ƙofar Ƙaura. Talabijin na can sama cikin kejin ƙarfe da kwaɗo, rimot an naɗe shi da leda an ɗaure da kyauro, batirin duk shatin haƙori don an ciccije shi ya ƙara kwana. Yana aljihun mai shayi, kusa da canji. In akwai ƙwallo, ko sarkin bincike ne kai sai ka jira a tashi.

MURJA: Yaran ma ba su san wani jadawali ba. YouTube ne, in sun ga dama.

SADA: In da data. Kuma ku tuna 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan. Wa ya rage wa mutane? Rediyo, sai mai dish da ɗan sola. Ni ban yarda jadawali ya mutu ba. Abin da ka sa ƙarfe takwas shi za a tattauna gobe a majalisa.

LAWAL: To me za ka sa a takwas ɗin? Kullum 'yan bindiga?

SADA: Haba. Litinin, ina kuɗin suka shiga. Kashi na farko, fankokin Lambar Rimi, aikin wutar iska mai megawat 10 da aka yi shekara da shekaru ana ja. Duk mai bin hanyar Kano yana hango su, a je a tambayo mana. Talata noma, madatsar Zobe da ta Jibia, ruwa nawa ke kai wa gona. Laraba tarihi, kuma a nan ne nake jin haushi. Durɓi ta Kusheyi na nan kusa da Mani, an yi tono a 1992 an samu kayan zinariya da tasoshin ƙarfe a kaburburan sarakuna, har Mainz ta Jamus aka kai su gyara. Ɗalibi nawa a Katsina ya taɓa ganin hotonsu? Ga hasumiyar Gobarau. Ga Kwalejin Katsina inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ga tafiyar Sarki Dikko Makka da Ingila a 1921, wannan kaɗai kashi huɗu ne.

LAWAL: Ina Kusugu?

SADA: Kusugu an yi ta an gaji. Duk wanda ya sayi kyamara sai ya je ya leƙa rijiyar nan.

LAWAL: Ka ji shi ko, Hajiya? Tashar ba a buɗe ba an fara danne Daura. To ni in ba a ba mu Alhamis ba, Sallar Gani ba mai ɗauka.

MURJA: Ni tambayata ɗaya, wa zai biya? In gwamnati ce, shirin Litinin ɗinka ya mutu tun a takarda. In ɗan kasuwa ne, ba za ka binciki kayansa ba. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

SADA: Wannan na bayan takardar, tare da tsarin Juma'a da Asabar da Lahadi. Akwai hanya uku. Ta farko...

LAWAL: Yaya Sada, mai ɗakin nan tun ɗazu yake nuna mana agogo ta gilashi. Masu tallar maganin gargajiya sun iso, su suka kama bayanmu.

SADA: Minti biyu kawai.

MURJA: Ba ko ɗaya. Jama'a, ku turo mana naku jadawalin, musamman na dare. Za mu ɗauki hoton takardar Yaya Sada mu sa a guruf, in kun iya karanta rubutun.

LAWAL: A bar wa Daura Alhamis. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.