Sharhi: Yaron da aka haifa a Saudiyya da takardar da za ta nuna shi ɗan Najeriya ne

Masu sauraro, a unguwannin Makka da Jidda da Madina akwai yara 'yan asalin Najeriya da aka raɗa musu suna, aka yanka musu rago, amma har suka yi wayo babu wata hukuma da ta rubuta sunansu a littafinta.

Iyaye da dama suna zaton haihuwa a ƙasa mai tsarki tana ba yaro ƙasa. Ba haka dokar Saudiyya take ba, domin ta jinin uba take bi. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 kuwa, a sashe na 25, ya bayyana cewa duk wanda aka haifa a waje, matuƙar mahaifinsa ko mahaifiyarsa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne tun daga haihuwa. Ke nan haƙƙin yana nan, abin da ya rage shi ne shaida.

Hanyar a fili take. Asibiti yana ba da sanarwar haihuwa, hukumar rajistar jama'a ta Saudiyya, wato Ahwal Madaniyya, ta fitar da takardar haihuwa, sannan iyaye su kai ta ofishin jakadancin Najeriya da ke Riyadh ko ƙaramin ofishin da ke Jidda, tare da fasfo ɗinsu, domin a shaida yaron a kuma yi masa nasa fasfon. Yarjejeniyar Vienna ta 1963, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan hulɗar ƙananan ofisoshin jakadanci, ta lissafa irin wannan rajista cikin ayyukan da ofishin jakadanci zai iya yi wa 'yan ƙasarsa.

Inda gizo yake saƙar shi ne wajen waɗanda ba su da iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya. Uwar da ta zo umara ta zarce tana tsoron asibiti, sai ta haihu a ɗaki a hannun ungozoma, kuma daga wannan dare yaron ya rasa takardar farko wadda sauran duka suka dogara a kanta. Zai girma yana jin Larabci da Hausa, makaranta ta yi masa wuya, asibiti ya yi masa wuya, ranar da aka kai iyalin tarhil kuma, wato inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, sai an yi ta neman mai shaidar cewa ɗanta ne kafin a ba shi takardar tafiya ta gaggawa. Wannan abin tausayi ne ƙwarai, domin laifin zama ba bisa ƙa'ida ba na babba ne, jariri bai san hawa ba bai san sauka ba.

A ganinmu, ya kamata iyaye su fahimci cewa ofishin jakadanci gidan ƙasarsu ne, kuma zuwa da jariri ɗan wata biyu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan zuwa da saurayi ɗan shekara 17 wanda ba shi da ko katin rigakafi. Jami'an ofishin su ma su fito su haɗa kai da shugabannin al'ummar Hausawa da limamai da ungozomomi, su bayyana wa jama'a da harshen Hausa takardun da ake bukata, da kuɗin da doka ta yanka, da kuma irin shaidar da za a karɓa daga wanda aka haifa a gida.