Masu bin sawu daga sama: lacca kan jiragen leƙen asiri da rikicin Kyuba na 1962

Salamu alaikum jama'a. Wagga lacca wani malaminmu na tarihi ya yi ta nan cikin garin Sakkwato bayan La'asar, ni kuma na ɗauka da waya na zauna na rubuta don waɗanda ba su samu zuwa ba. Na bar maganar yadda ya faɗe ta, inda ƙarar babura ta rufe muryarshi na tsallake.

Bismillahi. Iyayena da ke zaune nan gaba, malamai, ɗalibai, barkanmu da yamma.

In ɓarayi sun kore ma mutum shanu cikin dare, da safe mi ake yi? Ana kiran mai bin sawu. Ni da kai in munka duƙa ƙasa kawai za mu gani, shi ko da ya duƙa sai ya ce maka shanu kaza ne, guda tana ɗingishi, mutum ukku sunka kora su, kuma tun kafin raɓa ta sauka sunka wuce. To ku riƙe wanga mutum a ranku, don labarin yau na masu bin sawu ne, sai dai su nasu sawun daga sama anka ɗauko shi.

Lokacin yaƙin cacar baka Amurka tana da wani jirgi da ake ce ma U-2. Ba shi ɗauke da bindiga ko bam, kyamara ce kawai da mutum guda. Shina tashi sama da kilomita 20, wato kusan ninkin inda jirgin alhazai ke bi in za shi Jidda, kuma matuƙin sai ya sa wata riga irin ta 'yan sama jannati don a can babu iskar da ɗan adam zai shaƙa. Amurkawa sun ɗauka ba abin da zai kai gare shi, har ranar 1 ga Mayu 1960, wata biyar kafin mu samu 'yancin kai, Tarayyar Sobiyat ta kakkaɓo guda wanda ya tashi daga Peshawar ta Pakistan, ta kama matuƙin Francis Gary Powers da ranshi. Taron da shugabanni za su yi a birnin Paris ya watse saboda haka. Tun daga nan duk wanda zai sa hannu a aika wanga jirgi sai gabanshi ya faɗi.

To mu zo Kyuba. Tsibiri ne, tsakaninshi da Amurka kamar kilomita 145, ku ce daga nan zuwa Birnin Kebbi. Fidel Castro na mulki, ya jingina da Sobiyat. Cikin daminar 1962 jiragen ruwan Sobiyat sunka riƙa shiga da kaya, kuma ranar 29 ga Agusta hoton U-2 ya nuna an girka makaman harbo jirgi. Shugaban CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, John McCone ya yi tunani irin na mai hankali, mutum ba ya gina katanga mai tsada ya sa mai gadi sai in akwai abin da yake ɓoyo cikin gida. Amma manyan gwamnati sun ji tsoron a sake irin ta Powers, ga kuma gajimare da ke rufe tsibirin kamar yadda hazo ke rufe mu nan a hana jirgi sauka, sai anka yi makonni ba a bi ta saman yammacin Kyuba ba, kuma daidai nan ne ake aikin.

Ranar Lahadi 14 ga Oktoba da safe Manjo Richard Heyser ya ratsa wurin, cikin 'yan mintuna ya ɗauko hotuna 928. Ku sani ba irin na yanzu ba ne da za ka danna ka tura, fim ne, sai jirgi ya sauka an ciro shi an wanke an kai Washinton, sannan mutane su shimfiɗa shi bisa teburi mai fitila daga ƙasa su duƙa da madubin ƙara girma suna bi sannu sannu. Nan ne nike so ku tsaya da ni. Abin da ke cikin hoton kusa da wani gari San Cristobal, fili ne da anka share, da tantuna, da wasu dogayen tireloli lulluɓe da tamfol. Ƙanen shugaban ƙasar Amurka, Robert Kennedy, ya faɗi daga baya cewa shi da anka nuna mashi gani ya yi kamar gona ake sharewa ko tushen gida ake tonawa. Shugaba Kennedy kanshi ranar 16 ga wata ya tambayi shugaban masu karatun hoton, Arthur Lundahl, ta yaya kunka san makami mai linzami ne? Ya ce mashi da tsawon. Sun auna tsawon abin da ke ƙarƙashin tamfol, sun gwada da hotunan makaman da ake jerawa a faretin Mosko, ga kuma takardun da wani kanar na Sobiyat Oleg Penkovsky ya ba su a ɓoye, sai ya yi daidai da wanda ake kira R-12 mai cin kusan kilomita 2,000, kamar ka tashi Sakkwato ka je Legas ka komo, kuma kan nukiliya yake ɗauka. Mutanen nan har akwatunan da ke bisa jirgin ruwa suna karantawa, daga siffar akwati su ce maka jirgin yaƙi iri kaza ne a ciki.

A ganina babban abin da hoton nan ya ba Kennedy shi ne lokaci. Ya sani, kuma shugaban Sobiyat Khrushchev bai san ya sani ba. Kwana shidda Kennedy da mashawartanshi sunka yi suna gardama a asirce. Da fari yawancinsu sun karkata ga a kai hari ta sama, da ace ranar farko anka tilasta su yanke hukunci Allah kaɗai ya san inda duniya za ta kwana. Ranar 18 ga wata ministan harkokin wajen Sobiyat Gromyko ya zauna ofishin Kennedy shina cewa taimakon da suke ba Kyuba na kare kai ne, alhali hotunan na cikin aljihun teburi, Kennedy bai fiddo su ba. Sai ranar 22 ya fito talabijin ya faɗa ma duniya, ya ce an yi ma tsibirin ƙawanya ta ruwa. Kashegari anka fara aika wasu jirage masu bi ƙasa ƙasa da gudun tsiya, su hotunansu ko yaro ya gani ya san ba gona ba ce, kuma ranar 25 jakadan Amurka Adlai Stevenson ya kafa hotuna gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, gaban jakadan Sobiyat Zorin.

Amma wallahi idon nan da ya sayi lokaci shi ne ya kusa ƙone duniya ranar Asabar 27 ga wata. Wani U-2 da ya tashi daga Alaska ya ɓace hanya ya faɗa sararin Sobiyat, jiragen yaƙinsu sunka tashi binshi, na Amurka su ma sunka tashi tarbo shi ɗauke da makaman nukiliya. Ranar dai, a saman gabashin Kyuba anka harbo wani U-2, matuƙin Manjo Rudolf Anderson, ɗan shekara 35, ya mutu. Kuma ba Khrushchev ya ba da umurni ba, janar-janar ɗinshi da ke tsibirin ne sunka yanke, don sun ga jirgin na ɗaukar duk inda sunka ɓoye sojoji. An riga an shirya in an taɓa jirgi za a rama, Kennedy ya ce a dakata. Kashegari 28 ga wata Khrushchev ya sanar ta rediyon Mosko cewa za ya kwashe makaman, Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kyuba ba, a asirce kuma ta yarda ta cire nata makaman da ke Turkiyya.

Ɗalibai, ga wurin da nike so ku rubuta. Duk da dubban hotunan nan, Amurka ta ƙiyasta sojojin Sobiyat a Kyuba kamar 10,000 ne, ashe sun haura 40,000. Kuma akwai ƙananan makaman nukiliya na fagen daga da anka tanada ma duk rundunar da ta sauka bakin ruwa, wannan sai a 1992 wajen wani taro a Habana babban birnin Kyuba tsofaffin jami'an Amurka sunka ji da kunnensu. Janar-janar da ke matsa ma Kennedy a shiga, da abin da ke cikin hoto suke lissafi, wanda ke ƙarƙashin itace da cikin rami ba su sa shi ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na tuna 2003, lokacin da sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya koma wannan Kwamitin Sulhu da hotunan tauraron ɗan adam na Iraƙi, ya ce tana ɓoye makaman ƙare dangi, anka yi yaƙi anka kashe mutane bila adadin, makaman da anka ce kuma ba a same su ba.

Kada ku ce wanga labarin nesa ne. Nan maƙwabtanmu Agadas an yi sansanin jirage marasa matuƙi na Amurka har sunka fita a 2024, kuma mu da ke wanga yanki mun san ƙugin jirgi bisa daji. Na ji ciwo ƙwarai da abin da ya faru Tudun Biri ta Kaduna a Disambar 2023, mutane sun taru wajen mauludi anka gan su daga sama anka ɗauka wasu ne. Daga sama taron biki da taron ɓarayi duk ɗigo ɗigo ne, sai wanda ya san ƙasar, ya san ranar kasuwa da watan mauludi da hanyar da makiyaya ke bi, shi zai iya rarrabewa. Ina roƙon 'ya'yanmu masu karatun taswira da kwamfuta ku nemi wanga fanni, muna da buƙatarku.

(Nan wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, Malam, to ta yaya Amurka ta tabbata an kwashe makaman?)

Allah shi ƙara girma Baba, tambaya ta yi. Castro ya ƙi yarda masu bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya su taka ƙasarshi, ya ce shi ba a shawarce shi ba. Sai anka shirya cewa in jiragen ruwan Sobiyat sun fito tsakiyar teku, ma'aikatan jirgin da hannunsu za su yaye tamfol, jiragen Amurka su matso su ɗauki hoto su ƙirga. Haka anka yi cikin watan Nuwamba, anka ƙirga guda 42.

Daga nan ladan ya kira Magariba, malam ya yi addu'a anka tashi.