Saniya ba ta nono sai ta haihu: laccar da aka yi wa ɗaliban sakandare a Mai Wurno

An ɗauki wannan jawabi a waya a farfajiyar makaranta a Mai Wurno, ƙasar Sudan, bayan la'asar. Mai jawabin ɗan garin ne da ya karanta kiwon dabbobi a jami'a. An rubuta shi yadda ya faɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da ke gaba, malamai, ƙannena maza da mata, barkanku da yamma. Na baya kuna ji na? To madalla. Yaran da ke kan katanga ku sauko, akwai wuri a tabarma.

An ce in yi muku magana a kan karatun samar da madara da kula da garke a jami'a, don wasunku sun kusa zana shahada, wato jarrabawar gama sakandare, za a ba ku takardar zaɓen kwaleji. Na san abin da kowa zai rubuta a layin farko: likita. Na biyu injiniya. Kiwon dabbobi sai can ƙasa, in wuri ya ragu. Abu huɗu na zo da su: inda ake karatun, irin shanun da muke da su, abinci, da tsabtar nono.

Na farko ba zai ɗauke mu lokaci ba. Jami'ar Khartum tana da kwalejin samar da amfanin dabbobi a Shambat, ta likitan dabbobi ma tana can. Jami'ar Sudan ta kimiyya da fasaha tana da tata a Hillat Kuku. Jami'ar Jazira tana da ita a Manaƙil. Nan kusa kuma akwai kwalejin aikin gona ta Abu Na'ama. Ku bambance abu biyu: likitan dabbobi aikinsa cuta da magani, shi kuwa ɗan wannan fanni aikinsa dabba mai lafiya ta ba da abin da ya kamata ta bayar. Za ku yi kimiyyar sinadarai, ku yi yadda jikin dabba ke aiki, ku yi ilmin gado, ku yi lissafi. I, lissafi, wanda ya yamutsa fuska na gan shi. (dariya) Kuma za ku sa takalmin roba ku shiga zariba, wato shingen shanu, da asuba, babu wanda zai tsallake wannan.

Na biyu, shanu. Allah Ya yi wa ƙasar nan baiwa da iri biyu da masana suka san da zamansu. Akwai Kenana, masu launin toka-toka, waɗanda gidansu shi ne nan yankinmu, tsakanin kogunan nan biyu, Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Akwai Butana, jajaye, na filin da ke tsakanin kogin Atbara da wannan kogi namu, Shuɗin Nilu. A cikin shanu masu tozo na Afirka, waɗannan biyun suna sahun gaba wajen nono. Nan Umm Banen kusa da Sinja gwamnati ta buɗe tashar bincike don Kenana, Atbara kuma don Butana, kuma a irin waɗannan tashoshi saniya ɗaya takan ba da kusan lita 1,500 a haihuwa guda, wata ta wuce. Shanun Baggara na yamma kuwa na nama ne da doguwar tafiya, ba a auna su da wannan ma'auni.

Na ce a haihuwa guda. Ku riƙe wannan, don nan nake so in tsaya, ko da sauran za su matsu.

Saniya ba ta nono sai ta haihu. Kowa a nan ya san haka, yaron goye ma ya sani. Amma kaɗan ne suke zama su yi lissafin abin da ke cikin maganar. In ka tambayi mai shanu yaya saniyarka, zai ce maka tana ba da ratal kaza a rana, wato ma'aunin da muke auna madara da shi. Tambaye shi yaushe ta haihu na ƙarshe, kuma wata nawa ne tsakanin wannan haihuwa da wadda ta gabata. Sai ya ce, to, wajen kaka ne, ko kuwa bayan Babbar Salla. A nan nonon yake zubewa, ba a ƙwarya ba.

Ku ɗauko biro. Mu ce shanu biyu, Kenana dukansu, kowacce tana ba da lita 1,500 in ta haihu. Ta ɗaya tana haihuwa duk wata 12. Ta biyu duk wata 18. A shekara 6, ta farko ta haihu sau 6, ta biyu sau 4. Ta farko lita 9,000, ta biyu lita 6,000. Bambanci lita 3,000 da 'yan maruƙa biyu. Kuma duka biyun sun ci abinci kullum, sun sha ruwa kullum, an biya makiyayi a kansu. Wanda ya shigo zariba da safe ya ga ana tatsa zai ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Yanzu ku dubi yadda lokacin yake da ƙunci. Cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki, kwana 280 zuwa 285. Shekara kwana 365. In kana son maraƙi duk shekara, kwana 80 da 'yan kai ne kacal tsakanin haihuwa da ɗaukar sabon ciki. A cikinsu kuma sai ka bar mata kwana 45 zuwa 60 mahaifa ta koma daidai. Me ya rage? Saniya tana neman sa, wato bijimi, duk kwana 21. Ke nan dama ɗaya ce ko biyu a hannunka. Ka rasa ɗaya, kwana 21 sun tafi. Ka rasa uku, wata biyu sun tafi, ba wanda ya sace maka komai, amma an yi asara.

Kuma neman san nan ba ya daɗewa. Awoyi ne, ba ya cika kwana. A shanunmu masu tozo ya fi gajarta, kuma a lokacin zafi yakan zo da dare, lokacin da kowa ke barci. Shi ya sa ake koya mana fita sau biyu, bayan sallar asuba da bayan magariba, ka tsaya shiru a bakin zariba minti 20 ko 30, ba tatsa, ba zuba abinci, kallo kawai. Za ka ga wata ta kasa zama wuri ɗaya, tana kuka, ta rage cin abinci, nononta na safe ya ragu. Za ka ga farin ruwa mai yauƙi yana bin wutsiyarta. Babbar alama ita ce 'yan'uwanta su hau ta, ita kuma ta tsaya cak ba ta gusa ba. Wadda ta tsaya, ita ce. Gashin gindin wutsiyarta ma za ka gan shi a birkice da ƙura. In barbara ta allura za a yi, wato a sa mata maniyyin bijimi da hannu, wadda ka gani da safe a yi mata da yamma, wadda ka gani da yamma a yi mata washegari da safe.

Sannan ka rubuta. Ka rubuta! Littafi na 'yan makaranta ya isa. Kowace saniya shafinta: sunanta ko lambar kunnenta, ranar da ta haihu, mace ko namiji, ranar da ta nemi sa, wane bijimi, ranar da aka daina tatsarta, nonon da ta bayar ko da sau ɗaya a mako ne. Na shiga wata zariba a gefen birni, shanu sun kai talatin, mai su mutumin kirki, yana kukan kuɗin abinci ya cinye shi. Muka zauna a kan buhun dusa muka bi su ɗaya bayan ɗaya da makiyayinsa. Sai ga wasu sun fi shekara da haihuwa, ba ciki, nonon da ake samu a jikinsu bai cika kofin shayi biyu ba. Bai sani ba. Yana ganinsu kullum, yana shafa su, amma bai sani ba, domin ido ba ya riƙe kwanan wata. Ku da kuka iya karatu, ko ba ku je jami'ar ba, wannan aikin za ku iya yi wa iyayenku daga gobe. Baba Alhaji yana murmushi, ina jin akwai wadda ya tuna a gidansa. (dariya)

Kuma me ke hana saniya neman sa da wuri? Yawanci yunwa. Nono yana kai ƙololuwa mako 6 zuwa 8 bayan haihuwa, daidai lokacin da cinta bai kai buƙatarta ba, sai ta riƙa narkar da kitsen jikinta tana zubawa a hantsa. In ta haihu a rame, haƙarƙari a waje, jikinta zai rufe ƙofar ciki har sai ta farfaɗo. Don haka wata biyun ƙarshe na ciki a daina tatsa, a bar ta ta huta kwana 60. Na san da zafi, ana ganin nono ana barinsa. Amma na haihuwa mai zuwa ake gyarawa.

To ga shi na shiga abinci ban ce na uku ba. Na uku ke nan, ko na huɗu, ku dai ku bi ni. Cikin saniya ɗaki huɗu ne, kuma a babban, wato tumbi, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke narkar da ciyawa. Su kake ciyarwa. In ka canja abinci farat ɗaya, ko ka tula mata hatsi ba ciyawa, sai tumbin ya yi tsami, ta daina tuƙa. Mu nan muna da arziki: abu sab'in, dawar da ake shuka don ciyar da dabbobi, barsim, wato ciyawar alfalfa, harawar gyaɗa, karan dawa, ambaz na gyaɗa da na riɗi, wato abin da ke ragewa bayan an matse mai, dusar alkama, ga ruwan rake baƙi daga masana'antun sukari na Sinnar da Kenana. Abin da jami'a ke koyarwa shi ne gwargwado, wace ce za ta ci nawa bisa nonon da take bayarwa. Da ruwa. Kashi 87 cikin ɗari na madara ruwa ne. Saniya mai nono sosai a zafin watan Mayu tana iya shan lita 100. Wadda ake kai wa kogi sau ɗaya a rana ba za ta cika ƙwarya ba.

Maraƙi kuma, kada in manta: dakashi, nonon farko mai kauri, ya sha shi cikin awa 6 na farko. Bayan kwana ɗaya hanjinsa ya daina karɓar kariyar da ke ciki.

Tsabta, a gurguje, rana ta yi ƙasa. A wanke hannu, a wanke hantsa a goge. Feshin farko a tatsa a baƙin kofi, in an ga gudaji, ciwon hantsa ne, a ware ta a tatse ta a ƙarshe. Wadda aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta kada a sayar da nononta sai kwanakin da aka rubuta a kwalba sun cika. Kuma iyayenmu mata, a tafasa madara. Cutar da ke sa shanu ɓari tana bin ɗanyen nono ta kama mutum, zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, a yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro a banza.

Akwai tambaya? Na'am, Baba.

(Wani dattijo ya ce ɗansa da ke aiki a Saudiyya ya aiko kuɗi a saya masa saniyar Turawa, mai baƙi da fari, wai tana ba da ninkin ta gida sau huɗu. Ya saya ko kada ya saya?)

Allah Ya ƙara girma, Baba, Allah Ya yi wa yaron albarka. Bai yi ƙarya ba. Firiziyan ce, asalinta ƙasar Holan, kuma a Amurka irinta tana wuce lita 10,000 a shekara. Abin da ya gani a can ma gaskiya ne. Kamfanin madara na Saudiyya, Almarai, da aka kafa a 1977 yana da dubban irin waɗannan shanu a tsakiyar hamada, wajen Kharj. Amma ka tambaye shi me ke saman kansu: rumfuna ne masu fanka da feshin ruwa, dare da rana. Ciyawar ma tun da Saudiyya ta taƙaita noman ɗanyar ciyawa a 2018 don ruwan ƙasa, daga waje ake shigo da mai yawa, har daga Ajantina da Amurka. Saniyar nan da zafi ya haura digiri 25 ta fara haki, ta rage ci, ta ƙi ɗaukar ciki. Mu kuma nan muna ganin 40 da ɗoriya. Ga kaska. Akwai zazzaɓin da kaska ke sawa, Kenana tana jure shi, amma yana kashe 'yan maruƙan shanun waje da na ruwa-biyu sosai.

Shawarata, Baba, kada ka sayi tsantsarta. In kana da inuwa, da ruwa kullum a gabanta, da barsim ko abu sab'in da ba ya yankewa a rani, nemi ruwa-biyu, rabi Firiziyan rabi Kenana ko Butana, kada jinin waje ya yi yawa. In babu waɗannan, kuɗin nan ya saya maka Kenana biyu nagari, canjin ka kafa rumfa ka ajiye ambaz. Kuma duk wadda za ka saya, kada ka saya a kan maganar dillali. Ka je gidan mai ita da asuba a tatse ta a gabanka, ka koma da yamma a sake, ka taɓa nonuwan huɗu ka ga duk suna zuba, ka duba haƙoranta, ka tambayi haihuwarta nawa da ranar ta ƙarshe. In ya ce tana da ciki, a kira likitan dabbobi ya sa hannu ya tabbatar kafin ka ƙirga kuɗi. Ranar da za ka je ka aiko a kira ni, in Allah Ya yarda mu tafi tare.