Jawabin Maraba ga Mai Girma Jakadan Ƙasar Japan a Najeriya, Yayin Ziyararsa ga Makanikan Mota a Kano

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana wannan rana.

Mai girma Jakadan ƙasar Japan a Najeriya tare da 'yan tawagarsa, wakilan gwamnati, iyayenmu sarakuna da malamai, dattawan wannan sana'a tamu, masu sayar da kayan gyara, direbobi, da 'ya'yanmu masu koyon aiki, assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, a madadin makanikai da masu gyaran wayar mota da masu gyaran bodi da fenti da suka rufe garejinsu yau domin tarbarka, ina yi maka barka da zuwa Kano. Sannu da hanya.

Ranka ya daɗe, yau ne ƙafarka ta fara taka wannan fili, amma aikin hannun mutanenka ya daɗe da riganka zuwa. Da shi muke ci, da shi muke biyan kuɗin makarantar yara. Hiace ce ke ɗaukar fasinja daga nan zuwa Maiduguri, Hilux ce ke shiga ƙauyukan da hanya ta yanke da damina, Corolla kuwa, wadda aka fara ƙerawa a 1966 kuma aka sayar da fiye da miliyan 50 a duniya, babu garejin da ba ta kwana a cikinsa ba. Mafi yawansu sun zo mana bayan sun gama shekaru a Turai ko Amurka, sa'an nan suka fara sabuwar rayuwa cikin ƙura da zafin rana. Duk wanda ya buɗe bonet ɗin irin wannan mota ya san abin da nake nufi. Da sifana mai lamba 10 da 12 da 14 za ka yi rabin aikinka. Filtar mai tana inda hannu zai kai. Kana gani ka san wanda ya tsara ta ya tuna da mai gyara da zai taɓa ta bayan shekara ashirin, a garin da bai taɓa jin sunansa ba.

Mun bi tarihin wannan ƙwarewa, kuma ya faranta mana rai da muka ga daga saƙa ta faro, sana'ar da Kano ta yi suna a kanta tun kafin zuwan Turawa. Sakichi Toyoda ɗan kafinta ne. A 1924 ya kammala injin saƙa wanda ke tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, don kada a ci gaba da saƙa yadi mai aibi. Ɗansa Kiichiro ne ya kafa kamfanin mota na Toyota a 1937. Shi kuwa Soichiro Honda namu ne na cikin gida, domin yaron gareji ne da ya fara koyon gyaran mota a Tokyo yana ɗan shekara 15, kafin ya kafa kamfaninsa a 1948. Yaranmu da ke tsaye a baya can, ku riƙe wannan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka ɗauko dabarar wancan injin saƙa aka ba ɗan Adam. Bayan yaƙin duniya na biyu Toyota ba ta da kuɗi ba ta da ƙarfe, har a 1950 ta sallami ma'aikata bayan yajin aiki, Kiichiro da kansa ya sauka daga shugabanci. A cikin wannan ƙunci ne injiniya Taiichi Ohno da abokan aikinsa suka gina tsarin da duniya ke koyo yau. Ba a tara kaya a sito, sai abin da ake buƙata a lokacin da ake buƙatarsa. In matsala ta ɓullo, a tambayi dalili sau biyar har a kai ga tushenta. Sa'an nan aka rataya igiya a kan layin haɗa motoci. Ƙaramin ma'aikaci in ya ga noti bai ɗauru daidai ba, sai ya ja igiyar, shugabansa ya taho da sauri, in ba a gyara nan take ba layin ya tsaya. Ba a yi masa faɗa. Tun 1951 kuma kamfanin ke karɓar shawarwarin ma'aikata kan yadda za a kyautata aiki, komai ƙanƙantar gyaran.

Ranka ya daɗe, wannan igiya ita muka rasa. A garejinmu yaro kan ga ogansa ya ɗaura fulogi a karkace, ya sunkuyar da kai ya yi shiru, don an koya masa cewa gyara wa babba rashin kunya ne. Bayan kwana uku mai mota ya dawo da ɓacin rai. Mun san Japanawa na girmama na gaba kamar yadda muke yi, har da rusunawa, amma a masana'antunsu sun samo hanyar da ladabi bai hana faɗin gaskiya ba. Kuma abin koyuwa ne. A garin Fremont na jihar Kalifoniya, kamfanin General Motors ya rufe wata masana'anta a 1982, wadda ta yi ƙaurin suna wajen rashin zuwa aiki da motoci marasa inganci. A 1984 aka sake buɗe ta tare da Toyota, aka dawo da mafi yawan tsofaffin ma'aikatan nan, aka kai ɗaruruwansu Japan horo. Ba a daɗe ba ingancin motocinta ya kusa kamo na Japan. Mutanen su ne dai na jiya, tsarin ne ya sauya.

Ba mu manta cewa wannan himma ta zo da nata nauyin ba. An samu ma'aikatan da yawan aiki ya yi ajalinsu, har majalisar ƙasarku ta kafa doka a 2018 da ta ƙayyade ƙarin lokacin aiki zuwa awa 45 a wata a bisa ƙa'ida. Mun girmama ƙasar da ta dubi aibinta ta ɗauki mataki, kuma mu ma muna da yaran da ke kaiwa dare a ƙarƙashin mota.

Yanzu ga kukanmu. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, motoci masu haɗa fetur da batir, irin waɗanda motar Prius ta kamfanin Toyota ta buɗe wa ƙofa a 1997, sun fara yawa a titunanmu. Dattijon da ke gane ciwon inji da kunne, yau sai an jona kwamfuta kafin mota ta faɗa masa abin da ke damunta, kuma batirin irin waɗannan motoci yana da wutar da za ta iya kashe wanda bai san kansa ba. Muna roƙo ka isar da saƙonmu ga JICA, hukumar ƙasarku mai tallafa wa ci gaban ƙasashen waje, da kamfanonin motocinku, a buɗe mana cibiyar horo a nan Arewa, da kayan aiki da littattafan koyarwa da Hausa. Muna kuma roƙon a sauƙaƙa hanyar samun kayan gyara na asali, don jabun birki ya ci rayuka da yawa a hanyoyinmu. Mun ji an buɗe wurin haɗa Hilux a Tema ta ƙasar Ghana a 2021, mun taya su murna, muna fatan watarana za a duba Kano ko Kaduna, inda Peugeot ta horar da dubban hannaye tun daga 1975.

In an kammala addu'a, dattawanmu za su zagaya da kai rumfunan aiki, daga nan mu wuce kasuwar Ƙofar Ruwa ka gana da masu sayar da kayan gyara. Allah Ya ƙara danƙon zumunci tsakanin Najeriya da Japan, Ya mayar da kai masaukinka lafiya. Wassalamu alaikum.