Jawabin Maraba ga Mai Shari'a na Kotun ECOWAS

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Mai Shari'a, iyayenmu sarakuna, malamai, lauyoyi, 'yan'uwa maza da mata, barkanku da zuwa. Ranka ya daɗe, sannu da hanya. Ka baro Abuja ka zo inda talakawa suke, mun gode, Allah ya saka da alheri.

Mutanen wannan yanki sun san kotunku, kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS), ta hanyar wata baiwar Allah, Hadizatu Mani, 'yar ƙasar Nijar daga yankin Birnin Ƙonni. Tana da shekara 12 aka sayar da ita a kan sefa 240,000, ta zama wahaya, wato baiwar da ubangidanta ke riƙewa kamar matarsa ba tare da aure ba, tana aikin gida da gona babu ko sisi. Da ta samu 'yanci ta auri wanda take so, sai aka ɗaure ta wai ta yi aure kan aure. A watan Oktoban 2008 kotunku ta zauna a Yamai, ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare 'yar ƙasarta daga bauta, ta umarce ta da ta biya diyyar sefa miliyan 10. Yarinyar ƙauye ta kai gwamnati ƙara ta yi nasara! Hakan ya yiwu ne saboda tun 2005 aka buɗe wa ɗaiɗaikun mutane ƙofar kotun, ba sai sun gama zagaya kotunan ƙasarsu ba.

Sai dai, ranka ya daɗe, baƙo na gari ake faɗa wa damuwar gida. A 2016 kun ce a saki Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, bai fito ba sai ƙarshen 2019. A Disambar 2023 kun ce a saki Mohamed Bazoum, shugaban Nijar da sojoji suka hamɓarar, aka yi kunnen uwar shegu da hukuncin. In haka ta faru da manya, ina ga mai sayar da ƙosai da aka harbe mata ɗa? Kotu ba ta da ɗan sanda, ba ta da gidan yari; gwamnatin da aka kayar ita ake jira ta aiwatar da hukunci a kan kanta. Muna roƙo ka kai kukanmu ga shugabannin ƙasashe, su riƙa tuhumar junansu a kan hukuncin da aka ƙi bi, tunda ikon sa takunkumi yana hannunsu.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025. Danginmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda muke auratayya da su, ƙofar da Hadizatu ta shiga ta rufe musu.

Ka ga matan nan da ke zaune a layin baya da takardu cikin leda? Tun da sassafe suka iso, kowacce da hoton ɗanta ko mijinta da aka kama ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Suna so su ji yadda ake shigar da ƙara. Bismillah, ranka ya daɗe, fili naka ne.