Ɗora Haifabaiza a Kan Saba: Shawarwarin da Ake Yankewa Kafin a Soka Filash

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'a, barkanmu da warhaka. Na baya, kuna jina? To, madalla.

Ga saba nan a gabanmu, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutocin ofis hidima, Dell PowerEdge ce, irin tokunbo da ake samu a kasuwa. Abin da za mu yi yau shi ne mu ɗora mata manhajar da ake kira haifabaiza, wadda za ta ba mu damar kunna kwamfutoci da yawa a cikin wannan akwati guda. Kowace tana da nata Windows ko Linux, da nata ram, da nata diski, amma duk ƙarfe ɗaya suke hawa. Su ne masu aikin ke ce wa VM. Ku ɗauka gidan haya ne: haifabaiza ita ce mai gida, ita ke raba ɗakuna da ruwa da wuta, ita ke hana ɗan haya leƙa ɗakin maƙwabcinsa.

Wannan dabara ta girme yawancinmu. Kamfanin IBM ya fara ta tun shekarun 1960, ya kuma fitar da VM/370 a 1972. Amma a kan irin furosesoshin da muke amfani da su, abin bai yi sauƙi ba sai da Intel ya ƙara VT-x, wato fasahar da ke taimaka wa furosesa ɗaukar VM, a 2005, AMD ya biyo da AMD-V a 2006. A 2007 aka shigar da KVM, ɓangaren da ke kunna VM, cikin zuciyar Linux. Ku riƙe VT-x da AMD-V, don nan da minti kaɗan za mu je neman wannan fasaha a BIOS, wato saitin farko da ke jikin na'urar.

Haifabaiza iri biyu ce. Akwai wadda ake ɗorawa a kan Windows kamar kowace manhaja, irin su VirtualBox. Wannan ta koyo ce da gwaji. Akwai kuma wadda take zama kai tsaye a kan ƙarfe, babu komai a ƙarƙashinta, irin su VMware ESXi da Hyper-V na Microsoft da Xen da Proxmox VE. Ita muke magana a kai. Ni Proxmox na zaɓa, kuma zan faɗi dalili. Kamfanin da ya yi ta yana Biyena ta ƙasar Ostiriya, sun fitar da ita tun 2008, an gina ta a kan Debian, wani nau'in Linux, KVM take amfani da shi, kuma ba ta buƙatar lasisi kafin ta yi aiki. ESXi manhaja ce mai inganci, ba na musun haka. Sai dai tun da Broadcom ya sayi VMware a ƙarshen 2023 tsarin lasisin ya sauya, kuma ga makaranta ko ƙaramin asibitin da zai biya da dala, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Ga kuma wani abu: ESXi tana da zaɓen kayan aiki, katin netwok ɗin da ba ya cikin jerinta ba za ta gan shi ba. Linux kuwa kusan komai yana ɗauka.

Yanzu ku saurara da kyau. Ɗorawar kanta ba ta kai shan shayi ba. Inda mutane ke faɗuwa shi ne abubuwan da ba su tsaya sun yanke ba kafin su fara.

Na farko BIOS. A Dell, kana kunnawa ka danna F2. Ka shiga saitin furosesa ka tabbata VT-x a kunne yake. Idan a kashe yake, manhajar za ta gargaɗe ka tun wajen ɗorawa, in ka yi kunnen ƙashi ka wuce, ranar da ka tashi kunna VM za ta ƙi. Ka kunna saitin VT-d ma, ko IOMMU idan furosesar AMD ce, domin wata rana za ka so ka miƙa wa VM guda wani kati kacokan.

Sai diski, kuma a nan zan ɗan daɗe. Yawancin waɗannan saba suna zuwa da katin RAID, a Dell ana ce masa PERC. Aikinsa ya haɗa diski biyu ko fiye ya nuna wa manhaja kamar guda ne. Proxmox kuma tana ba ka zaɓin ZFS, tsarin ajiye fayil a diski wanda shi ma yake yin wannan aikin da kansa, har da duba ko bayanai sun lalace a ɓoye ya gyara su daga ɗayan kwafin. To, ba a haɗa su biyun. ZFS yana son ya ga kowane diski da idonsa. Idan katin RAID ya shiga tsakani, ZFS ba zai san wane diski ne ke ciwo ba, kuma katin yana iya cewa ya rubuta abu alhali yana riƙe da shi a ƙwaƙwalwarsa. Saboda haka zaɓi ɗaya za ka yi: ko ka mayar da katin yanayin HBA, inda zai nuna kowane diski yadda yake, ka bar wa ZFS aikin, ko ka bar katin ya yi RAID ɗinsa ka zaɓi ext4, tsarin fayil na yau da kullum na Linux. Duk biyun suna aiki. Gauraya su ce ba ta aiki. Kuma in ka zaɓi ZFS, ka sani yana cin ram don ajiyar wucin gadi, sai ka cire masa kasonsa kafin ka raba wa VM.

Wani ya ce daga can, ina batirin katin? Tambaya mai kyau. Saba ta tokunbo sau da yawa batirin katin RAID ɗinta ya riga ya mutu. A ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa wannan ƙaramar matsala ce. A wurinmu kuwa, da NEPA ke ɗaukewa ba sallama, babba ce. A da idan wuta ta ɗauke kwamfuta ɗaya ce ke faɗuwa. Yanzu da ka tara takwas a akwati guda, takwas ɗin ne za su faɗi tare, har da mai rumbun bayanan albashi. Don haka kuɗin UPS da inbata yana cikin kuɗin saba, kada a bari shugaban ofis ya ce sai baɗi. Kuma a haɗa UPS ɗin da sabar ta kebul, yadda idan batir ya kusa ƙarewa sabar za ta rufe kowace VM cikin tsari sannan ta kashe kanta.

Na uku adireshi. Ka rubuta a takarda tun kafin ka fara: lambar IP ta dindindin, wato adireshin sabar a netwok, da ta ƙofar fita zuwa intanet, da ta DNS mai mayar da suna adireshi, da cikakken sunan da za ka raɗa wa sabar. Sauya suna daga baya, bayan an cika ta da VM, wahala ce da ba ta da dalili.

To, yanzu a ɗora. Ka sauko da fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin ɗora Proxmox, daga shafin kamfanin, ka gwada lambar SHA256 ɗinsa, mai nuna fayil ya sauka cikakke, da wadda suka wallafa, don intanet ɗinmu ta iya yanke fayil a tsakiya. Ka rubuta shi a filash. In da manhajar Rufus za ka rubuta, ka zaɓi yanayin DD, in ba haka ba ba zai tashi ba. Soka filash, F11, zaɓe shi. Zai tambaye ka diski. Ku dube ni nan: duk abin da ke kan diskin da ka nuna masa zai shafe, babu dawowa. Sai ƙasa da lokaci, kalmar sirri, adireshin da ka rubuta, shi ke nan. Idan ta sake tashi za ka ga baƙin allo da adireshi mai ƙarewa da 8006. Daga nan ba ka buƙatar allo a jikin sabar. Ka koma laftof ɗinka ka buɗe wannan adireshin a birawza, ka shiga da sunan root, wato babban mai iko da sabar. Birawza za ta yi ƙorafin takardar shaida, wannan ba komai, sabar ce ta sa wa kanta hannu.

Saura abu biyu kafin VM ta farko. Proxmox tana zuwa a saite da ma'ajiyar sabuntawa ta masu biyan kuɗi, in ba ka biya ba sabuntawa za ta riƙa ba ka kuskure; ka sauya zuwa ta marasa rajista, ka sabunta. Sannan ka tsara kwafin ajiya na kowane dare zuwa wata na'ura daban. Sinafshot, wato hoton halin da VM take ciki a wani lokaci, ba ya maye gurbin wannan, domin a kan diski ɗaya yake zaune da VM ɗin, in diskin ya tafi tare za su tafi. Kuma ka ɗauki kwafi ɗaya ka gwada dawo da shi tun yanzu da babu abin da ya lalace.

Masu laftof ku matso kusa, mutum biyu su zo su riƙe min wannan wayar netwok, mu shiga BIOS tare.