Shagala: Ina Hankalin Ya Tafi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Kalmarmu ta yau ita ce shagala.

Ku ji yadda take fitowa daga bakin mutane a nan Kano. Uwa ta aiki yaro ya sayo kayan miya, tun hantsi har aka kira azahar bai dawo ba. Yana shigowa ta ce, "Kai, ina ka tsaya?" Yayarsa ta yi caraf ta ce, "Umma, shagala ya yi wajen 'yan ƙwallo." To yaron nan bai manta da aiken ba. Kuɗin na hannunsa, ya kuma san tattasai da attaruhu aka ce. Wani abu ne ya ja hankalinsa ya riƙe, har lokaci ya ƙure bai ankara ba. Wannan ita ce shagala. Shi ya sa kusan kullum za ka ji ta tare da "da": ya shagala da wasa, ta shagala da hira, sun shagala da kallo. Dole akwai abin da ya tafi da hankalin.

Daga Larabci muka aro ta, daga tushen da ke nufin aiki ko abin da ya cika wa mutum hannu. Wanda ya yi karatun allo ya taɓa biya ta. A Suratul Fathi, aya ta 11, Larabawan ƙauye da suka ƙi fita tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun kawo uzuri da cewa "shagalatna amwaluna wa ahluna", wato dukiyoyinmu da iyalanmu ne suka shagaltar da mu. Ayar kuma ta ce suna faɗa da harsunansu abin da ba ya cikin zukatansu. Kun ga ashe tun tuni ake fakewa da kalmar nan.

Daga wannan tushen dai muka samu shagali: shagalin biki, shagalin suna, shagalin Sallah ranar Hawan Daushe, lokacin da mutum zai tsaya a Ƙofar Kudu kallon dawakai har ya manta bai ci abincin rana ba. Ina ganin dangantakar nan ce ta sa shagala take da ɗanɗanon jin daɗi a kunnen Bahaushe. Da wuya ka ji an ce wane ya shagala da ciwon haƙori. Abin da ke shagaltarwa yawanci abu ne da rai yake so, ko aikin da ya cinye mutum gaba ɗaya, kamar tela a daren Sallah.

Sai kuma "shagaltar da". Nan yawanci wani ne yake yi wa wani, kuma da gangan. Akwai na alheri: uwa tana shagaltar da jariri da abin wasa ko waƙa yayin da ake yi masa allurar riga-kafi. Akwai kuma na mugunta. A duk inda ake cunkoso, kasuwa ko tasha, 'yan sane kan yi aiki bibbiyu: ɗaya ya tare ka da tambayar hanya ko ya bangaje ka ya hau ba ka haƙuri, ɗayan kuma hannunsa na cikin aljihunka. Idonka biyu aka yi abin. Ai Hausawa sun ce hankali ke gani, ido gululu ne.

Kada a haɗa ta da 'yan uwanta. Mai mantuwa abin ya fita daga kansa, mai sha'afa kuwa ɗan gilmawa abin ya yi, yanzu zai tuna. Rafkana ta fi zama a bakin malamai, wajen sallah, inda ake gyara ta da ƙabli ko ba'adi. Amma wadda na fi so mu kiyaye ita ce sakaci. In ka ce wa yaron shagonka a Kantin Kwari "ka shagala", ka ja masa kunne ne, ka kuma bar masa ƙofar gyara. In ka ce "ka yi sakaci", ka ɗora masa laifi, kana nufin ya san haƙƙin da ke kansa ya yi ko in kula. Maigida nagari ya san wadda zai zaɓa, kuma bai kamata a jefi yaro da ta biyun ba alhali ta farkon ce ta same shi.

Akwai kuma inda shagala ta yi wa abu sauƙi da yawa. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, adaidaita sahu ne ya cika titunanmu. Direban da ke tafe a Titin Zariya da mata da yara a bayansa, hannu ɗaya a kan tuƙi, ɗayan yana latsa waya, in ya daki wani bai dace a ce shagala ya yi ba. Shi ya ciro wayar da kansa. Sunan wannan ganganci, kuma fasinja na da ikon cewa, "Malam, don Allah ajiye wayar nan har mu sauka."

Wani ɗan bambanci da ake yawan ji a rediyo: ɗaukar hankali daban, ɗauke hankali daban. In an ce labari ya ɗauki hankalin jama'a, an jawo su ne zuwa gare shi. In aka ce an ɗauke hankalin jama'a, ko an karkatar da shi, to an kawar da su ne daga wani abin da ya kamata su sa wa ido, kamar a ce ana kukan tsadar abinci sai a ɓullo da wata hayaniyar siyasa.

Sai mun haɗu a kalma ta gaba. A huta lafiya.